Jajayen Ɗigo a Taswirar Gaya

Litinin, 9 ga Agusta 1971, bayan La'asar

Abin ya shiga Toranke. Ba zan rubuta sunansa a littafin nan ba, ya isa haka yadda yake yawo a bakin mutane. Jiya an fita da makara daga gida biyu. Yau da hantsi dagacinsu ya aiko a gaya wa duba-gari, wato ni Abdulsalam, kamar in na sa kakina na hau keke abin zai ji tsorona ya juya. Shekara da shekaru ina leƙa randunan matan Gaya suna zagina a bayan ido, yau kuma ni ake nema ruwa a jallo.

Inna nake tunani. Tana Kademi ita kaɗai, ta ƙi dawowa wajenmu ni da matata Hanne, wai ba za ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki ba. Kuma duk wanda ya san Inna Barira ya san ba ta zama. Suna, biki, rasuwa, ko'ina da ƙafarta. Abin da ya zaunar da ita kwanan nan kurkunu ne da ya fito mata a idon sawu. Ina tsoro, tsoro sosai.

An sauke mana baƙo a ɗakin da ke jikin ofishina. Malam Tukur sunansa, ma'aikacin safiyo daga Kano, ya zo auna ƙasar noma. Dogo ne, ba ya son magana, ya zo da jif da wata akwatin ƙarfe da yake lallaɓawa kamar jariri.

Laraba, 11 ga Agusta, da Azahar

Ya buɗe akwatin. Hotuna ne, jirgin sama ya ɗauke su shekarun baya. Na ɗauki guda ina jujjuyawa, ban ga komai ba sai ɗige-ɗige da zane-zane kamar jikin zabo. Ya ce, "Duba-gari, ina ne garinku?" Na ce Kademi. Ya zaro wani, ya ɗora yatsa.

Wallahi sai da na zauna. Ga kukar bakin masallaci. Ga kududdufin da muka koyi iyo. Ga hanyar da ta bi bayan gidan Maiwada ta lanƙwasa. Na bi ta da ido har gidanmu, ga ɗakin Inna, ga rumbunta, ga katangar da ta raba mu da maƙwabciyarta Hure. Duk girman garin da aka haife ni, tafin hannuna ya rufe shi. Na tuna yadda muke faɗa a kan iyakar gona, taku ɗaya sai an kai ƙara wajen dagaci, ga shi daga sama ko zaren iyakar da ƙyar ake gani. Wannan fa jirgi ne kawai, ƙarfe, ɗan Adam ya ƙera. Na yi ta tasbihi ban san ina yi ba, har Malam Tukur ya yi murmushi, karon farko tun zuwansa.

Alhamis, 12 ga Agusta, da safe

Toranke kuma. Har da yara.

Asabar, 14 ga Agusta, da hantsi

Na dawo daga Toranke raina a ɓace, na jefar da takardar sunayen waɗanda suka kwanta a kan tebur. Malam Tukur ya ɗauka ya karanta, ya ce, "Sunaye ne kawai. Ina suke?"

Na ce, "Ina suke kuwa? Wasu na kwance, wasu na kushewa."

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya ɗauko wata takarda shara-shara, wadda ake ganin abin da ke ƙarƙashinta, ya shimfiɗa a kan taswirar da ya zana daga hotunan nan. Ya miƙo mini jan fensir. Ya ce duk wanda ya kwanta in sa masa ɗigo a daidai gidansa.

Daga nan ya nuna mini yadda suke aiki. Ba a cusa komai a takarda ɗaya. Rijiyoyi da kududdufai takardarsu daban, hanyoyi da kasuwanni daban, jigawa da fadama daban. Kowace an yi mata alama a kusurwa, a kan kuka ko masallaci, don in an ɗora su kada su goce. Sai ka zaɓi biyu ko uku ka haɗa, ka manna a gilashin taga, rana ta ratsa su. Abin da ya hau kan wani, za ka gan shi da idonka.

Ya ce, "Kafin ka tambayi me ya kawo abu, fara tambayar inda yake, da abin da ke kusa da shi."

Wai a ƙasar Turawa har an fara ba wa na'ura mai ƙwaƙwalwa wannan aikin, ta haɗiye taswira ɗari ta amsa tambaya. Na ce mu dai a Gaya tagarmu ta ishe mu. Dariya na yi, amma a raina mamaki nake. Ban taɓa tunanin ana iya ɓare ƙasa ɓawo-ɓawo kamar albasa, a duba, a mayar ba.

Talata, 17 ga Agusta, bayan La'asar

Rijiya ce, na rantse rijiya ce. Haka aka koya mana a makarantar tsafta, haka na gaya wa kowa. Na sa an rufe ta bakin kasuwar Toranke, na zuba magani a sauran, mata suna ta yi mini Allah ya isa don ruwan ya koma warin asibiti.

Yau muka ɗora takardar ɗigo a kan ta rijiyoyi. Ba su hau ba. Gida huɗu na shan rijiya ɗaya, guda ya kwanta, sauran lafiya lau. Wani gidan kuma can gefe, da rijiyarsa a tsakar gida, an fita da mutum biyu. Na juya takardar, na sake juyawa, har na ce ko Malam Tukur ya ɗora ta a karkace. Ya nuna mini alamar kusurwa, ta zauna daram. Na ji haushinsa, na ji haushin takardar, sannan na ji haushin kaina.

Ya ce in bar maganin a rijiyoyin, ba zai cutar ba. Amma mu ci gaba da nema.

Alhamis, 19 ga Agusta, da Azahar

Abin ya tsallaka zuwa Gafasa.

A Gafasa ƙanwar Inna take aure, Iya Baiwa.

Yanzu kuma an ce Fulani ne, wai shanun rugar Bubayero ke ɓata tafki. Samari har sun fara maganar korarsu. Muka zana burtali da mashaya a takarda guda muka ɗora. Burtalin ya bi gefe ya yi tafiyarsa, ko ɗigo ɗaya bai taɓa ba, kuma a rugar kanta babu wanda ya kwanta. Na kai wa dagacin Gafasa takardun, na ɗaga masa su a rana a ƙofar zaurensa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah." Ya aika a gaya wa samarin su kama kansu.

Na leƙa Iya Baiwa. Lafiyarta ƙalau, tana tankaɗe. Ta ce in gaya wa yayarta ta daina raki da ɗan kurkunu.

Asabar, 21 ga Agusta, da safe

Saƙo daga Kademi: Inna lafiya, ƙafa har yanzu a kumbure. Ban taɓa gode wa Allah saboda kurkunu ba sai bana.

Litinin, 23 ga Agusta, bayan La'asar

Malam Tukur ya ce mun sa wuri mun manta lokaci. Muka raba ɗigon, na makon farko takardarsu, na biyu tasu, na uku tasu. Muka riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya.

Na ga abin yana tafiya. Da idona na gan shi. Ba ya malala kamar ruwa, tsalle yake yi. Ya tashi daga wannan gida a Toranke, ya tsallake ƙauyukan da ke kan hanya bai taɓa su ba, ya sauka a gida ɗaya tak a wani gari mai nisa. Ya huta 'yan kwanaki, ya sake tashi. Kamar wanda ya san gidan da yake nema, har da sunan mai gidan. Kuma yawancinsu mata ne da ƙananan yara.

Muka ɗora takardar kasuwanni, ba ta hau ba. Ta hanyar mota, ba ta hau ba.

Na tsaya a gaban tagar nan. Mako uku ke nan na rayuwar mutane, da kukansu da jana'izarsu, ga shi a ƙyallen takarda rana na ratsawa. Ban iya cin abincin rana ba.

Laraba, 25 ga Agusta, bayan Magariba

Na zo da takardar sunayen gida, ina karantawa a fili a tsakar gida kamar mai tilawa. Hanne tana tuƙa tuwo. Na kai kan Lami ta Gafasa, sai ta ce, "Allah sarki Lami. Ko sati ba ta yi da dawowa daga sadakar ukun yayarta ba."

Na ce wace yayar?

Ta ce, "Matar Kabo mana, ta Toranke. Kai kullum kana gidajen mutane, amma randa kawai kake gani."

Na karanta mata na gaba. Talatu, ita ma ta je, ai surukarta ce. Na gaba, ba ta je ba, amma kishin-kishin ta ji an ce 'yarta ta je. Na gaba ba ta sani ba. Tuwon nan sai da ya kama, ta ce in ya yi ƙauri ni zan cinye.

Juma'a, 27 ga Agusta, da hantsi

Jiya wuni na yi a kan keke, gida-gida. Ban leƙa randar kowa ba. Tambaya ɗaya nake yi: wa ya je gaisuwa, gidan wa, ran nawa? Matan suka yi ta mamakin duba-gari ya koyi ladabi.

Yau da sassafe na ɗauki sabuwar takarda. Daga gidan rasuwa na ja layi zuwa gidan duk wadda ta je zaman makoki. Malam Tukur ya ce shi a aikinsa bai taɓa zana irin wannan ba, ba gona ba ce, ba hanya ba ce, babu jirgin da zai iya ɗaukar hotonta. Muka manna ta a kan ta ɗigo.

La'ilaha illallahu.

Layukan suka bi ta cikin ɗigon nan kamar zare a cikin 'ya'yan carbi. Ba duka ba, amma kusan duka. Malam Tukur ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Abin da ya fi kama ni ma ba ciwon ba ne. Layukan ne. Ashe a ƙarƙashin ƙasar da na sani akwai wata ƙasar, ta mata. Wannan an haife ta a Toranke an kai ta Gafasa, waccan daga Gafasa aka kai ta Kademi, kowace da igiyarta a baya tana jan ta gida duk ranar da aka yi kuka. Su suka ɗinke garuruwan nan, mu maza muna zaune a zaure muna zaton mu ne. Abin kyau ne, wallahi abin kyau ne, har ƙwalla ta zo mini. Kuma ta wannan kyakkyawar hanya abin yake bi.

Gumba ce. Ranar sadakar uku matan gidan rasuwa, waɗanda suka yi jinya suka wanke kayan mamaci, su ne ke daka gero su dama da ɗanyen ruwa su dunƙula da hannu. Ba ta ganin wuta. Kowa ya ci don mamaci ya samu lada, a ba yara.

Juma'a, bayan sallah

Na tari liman a ƙofar masallaci. Na zaci zai ce na zo da bidi'a. Ya saurara har na gama, ya ce sadaka sadaka ce ko da tsabar gero aka bayar, addu'a kuma tana isa daga duk inda aka yi ta. Zai faɗa, zai kuma aika wa limaman ƙauyuka. Amma ya ce, "Malam Abdulsalam, maza za su ji. Ka san waɗanda za ka sha wahala da su."

Na sani. Ɗaya daga cikinsu ita ta haife ni.

Asabar, 28 ga Agusta, da safe

Iya Baiwa. Jiya da yamma ta kwanta, da asuba ta cika.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tafi Kademi.

Asabar, bayan La'asar, a Kademi

Labari ya riga ni. Na tarar Inna ta yi wanka ta ɗaura zane, ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali, tana jiran motar kasuwa. Kurkunun ya fita tun shekaranjiya, tana takawa da ɗan ɗingishi. Hure na zaune kusa da ita tana riƙe mata mayafi. Tare aka kawo su garin nan suna amare, tare suka zama zawarawa, ta kan katanga suke miƙa wa juna gishiri.

Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Sannan na ce, "Inna, ba za ki je ba."

Ta dube ni kamar ba ta ji ba. Ta ce, "Auta, rana ce ta buge ka?"

Na yi mata bayani, rijiya, layuka, gumba, duk na kwashe na faɗa, ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita ba daɗi. Ta ce, "Nono ɗaya muka sha da Baiwa. Ni na goya ta. A ce an yi zaman makokinta babu ni, saboda takarda?"

Na ce, "Ba don takarda ba, Inna. Don ni."

Ta ce, "Wanda kwanansa ya ƙare ko a ɗaki yake zai tafi."

Na ce haka ne. Ni da nake daka wa matan gari tsawa a kan kwata, sai ga ni na kifa kai a kan tabarmarta ina kuka kamar yaron goye. Na ce mata mu bakwai ta haifa ni kaɗai na rage, ita ma ita kaɗai ta rage mini.

Hure ce ta sa baki. Ta ce, "Barira, ki ji tausayin yaron nan."

Sannan Inna ta kwance ƙullin kayanta. Ta ce, "Ba zan taka Gafasa ba, ba zan ci abin Gafasa ba. Ka samu yadda kake so. Tashi ka ba ni wuri."

Na yi mata sallama ba ta amsa ba.

Lahadi, 29 ga Agusta, da Azahar

Na sa wa Iya Baiwa ɗigonta. Ya fito ya fi na kowa girma.

Na aika Gafasa a gaya musu kada a yi gumba. Ban sani ba ko za su ji. Takardar Kademi dai fara ce tas, kuma na hana Inna zuwa. Yau na ci abinci har da ƙari.

Talata, 31 ga Agusta, bayan La'asar, a Kademi

Da safe ina shan koko Hanne ta ce, "Jiya aka yi ukun Iya Baiwa. Ko wa Inna ta aika?"

Na ce aika kamar yaya?

Ta ce, "Haba Malam. Wanda bai samu zuwa ba ai aikawa yake yi. Kuma ba za a bar ɗan aike ya dawo hannu biyu ba, sai an ƙullo masa rabon mai aiken."

Kofin ya faɗi. A Kademi aka haife ni, sau nawa ina yaro na ci gumbar da aka ƙullo wa Inna daga garin da ba ta je ba? Na san wannan kamar yadda na san sunana. Na zana layin masu zuwa, ban zana na abin da ke dawowa ba.

Malam Tukur bai tambaye ni komai ba, ya tada jif. Ruwan jiya ya ɓata hanya, muka kafe a wani kwari, muka fito muka tura, kakina ya koma na manomi. Duk hanyar addu'a ɗaya nake maimaitawa.

Na faɗa gidan ko sallama ban yi ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi. Gefenta ƙaramar ƙwarya an rufe da faifai.

Na ce, "Inna, kin ci?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na ce maka ba zan ci ba."

Na durƙusa a gabanta. Na ɗaga faifan. Dunƙule uku, farare, ba a taɓa ba. Na miƙa hannu zan ɗauka in kai masai, ta ce, "Kul." Murya ƙasa-ƙasa, amma sai da hannuna ya tsaya.

Ta ce, "Tun jiya nake zaune da ita. Ban iya ci ba, ban iya zubarwa ba. Sadakar Baiwa ce. Ita kaɗai ta iso ni daga wajenta."

Ta tashi da ɗingishinta ta shiga ɗaki, ta fito da sabon farin ƙyalle da fartanya. Ta ce in haƙa a bayan rumbu. Na haƙa da zurfi. Ta juye gumbar a ƙyallen ba tare da ta taɓa ba, ta naɗe, ta sa a ramin da hannunta, a hankali. Ta mayar da ƙasa. Ta zauna a wurin ta yi wa ƙanwarta addu'a, ta kira ta da wani suna na yarinta da ban taɓa ji ba, sannan kukan da ta riƙe tun ranar Asabar ya zo. Malam Tukur yana daga zaure, na ji shi yana cewa amin.

Na ƙona ƙwaryar da faifan, na wanke mana hannu da magani. Sannan na tambaye ta wa ta aika.

Ta nuna katanga.

Na leƙa. Hure na shara, ta ce, "Duba-gari, yau kuma randata za a duba?" Na tambaye ta ko ta ci gumbar a can. Ta ce ta ci mana, ɗan kaɗan, ai ba a zuwa a ƙi taɓawa, sai su ce Barira ta aiko mai ƙyamarsu. Ta ce lafiyarta ƙalau. Na roƙe ta ta biyo mu Gaya, ta yi dariya ta ce wa zai ba awakinta dusa.

Zan kwana a nan.

Laraba, 1 ga Satumba, da safe

Inna lafiya. Hure lafiya.

Laraba, da La'asar

Hure. Mun ɗauke ta a jif zuwa asibitin Gaya, an sa mata ƙarin ruwa. Inna ta so ta biyo mu, na ce a'a. Wannan karon ba ta yi musu ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Alhamis, 2 ga Satumba, da hantsi

Inna lafiya.

Hure ta buɗe ido ta tambayi awakinta. Idanun sun faɗa.

Juma'a, 3 ga Satumba, bayan sallah

An yi wa Hure sutura a Gaya. Malamin asibiti ya ce kada a kai ta gida.

Inna lafiya.

Litinin, 6 ga Satumba, bayan La'asar

An yi ukun Hure jiya a Kademi. Inna ce ta tsaya a kai, don Hure ba ta bar kowa ba sai wani ɗa a Ikko. Mata suka zo da turmi, ta ce a mayar. Tsabar gero aka raba, kowa ya tafi da nasa ya dafa a gida. Wata ta ce wannan wace irin sadaka ce, Inna ta dube ta sau ɗaya, ba a sake magana ba. Abin da ni da liman da dagatai muka kasa, ta yi shi daga kan tabarma.

Takardar wannan makon ɗigonta kaɗan ne. Malam Tukur ya ce kada in yi saurin murna. Ban yi ba.

Ban sa na Hure ba tukuna. Na ɗauki fensirin na ajiye.

Laraba, 8 ga Satumba, da hantsi

Inna ta zo Gaya. Ita da kanta, a motar kasuwa, ba ta aiko ba. Ba gida ta nufa ba, ofis ta zo. Ta ce, "Nuna mini takardar."

Malam Tukur ya ba ta kujera ta ƙi. Na manna mata su a taga, ta garuruwa a ƙasa, ta layuka, ta ɗigo a sama. Na zaci sai na yi dogon bayani. Na nuna mata kukar Kademi kawai, daga nan ta karɓe. Ta bi layi da yatsa har Toranke ta ce wannan Lami ce. Ta bi wani ta ce Talatu. Ta tsaya a kan babban ɗigon Gafasa ta daɗe. Ta ce, "Ashe haka muke daga sama."

Sannan ta ce, "Ina Hure?"

Na ce ban sa ba.

Ta ce, "Sa."

Na ɗauki jan fensir na kai kan gidan Hure, bayan 'yar siririyar katangar nan. Ta riƙe mini hannu. Ta matsar da shi kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero, zuwa wannan gefen.

Na ce, "Inna, nan ɗakinki ne."

Ta ce, "Na sani. Tafiyata ta yi, rabona ta ɗauko. Nawa ne. Sa shi a nan."

Na dubi Malam Tukur, don a ƙa'idarsa ɗigo gidan mai shi yake zama. Ya sunkuyar da kai.

Na sa shi a ɗakin Inna. Tana tsaye kusa da ni tana numfashi, hannunta da ɗumi a kan nawa, ba ta sake ni ba sai da jan ya kama sosai.